Maƙwabcina na ganin ƙwallo a raga kafin ni

Ni dai ruwan sama ne ya raba ni da dish. Shekara da shekaru ina biyan kuɗin wata, amma da hadari ya haɗu sai hoto ya fara kakkaryewa, murya ta sarƙe, can sai allo ya yi baƙi da ɗan rubutun nan na babu sigina. Wanda ya ɗaura min ya ce ba laifin kwanon ba ne, wai ruwan ne ke shanye siginar a hanya kafin ta sauko. To ni ina ruwana da mai laifi? Ga tashoshi sun fi ɗari, waɗanda muke kallo ba su kai biyar ba. Da wata ya ƙare na ƙi sabuntawa, na sayi ɗan abin nan da ake sokawa a bayan talabijin, na haɗa shi da intanet ɗin gida, na yi rijista da manhaja biyu, ta fina-finai da ta wasanni.

Makonnin farko har wa'azi nake wa mutane. Fim ya tsaya inda na tsayar da shi, in dawo gobe ya ɗora daga nan. Yara na da nasu ɓangaren. Maman yara ta daina rige-rige da agogo don kar shirinta ya wuce ta. Dikoda kuwa na naɗe ta da wayoyinta na jefa a kwali.

Sai ranar 18 ga Disamba, 2022, wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Katar, Ajantina da Faransa.

Maƙwabcina, katanga ɗaya ce tsakaninmu, yana nan da dish ɗinsa, kuma shi a ƙwallo Faransa yake yi ba ji ba gani. Ni Messi nake bi. Kafin hutun rabin lokaci muna da biyu, Messi ya ci da fenareti, Di Maria ya ƙara, gidan maƙwabci tsit kamar ruwa ya cinye su. Shi ya sa ban farga da komai ba. A minti na 80 ina kallon Mbappe yana gyara zaman ƙwallo, ko ja da baya bai yi ba, sai na ji ihu ya tashi ta bayan katanga. Har na miƙe, na ɗauka wani abu ne ya faru a gidan. Ina juyowa sai ga ta a raga. Ban gama haɗiye wannan ba sai ihu na biyu, har da dukan ƙofa, ni kuwa a allona ƙwallo na tsakiyar fili ana ta ba-ni-in-ba-ka. Haka na zauna na zuba ido ana nufar ragarmu da ita, alhali kunnena ya riga ya gaya min inda za ta kwana. Wallahi ban taɓa jin takaicin kallo irin na wannan rana ba.

Da aka shiga ƙarin lokaci na rufe tagogi, na ƙure muryar talabijin, duk a banza. Messi ya ci ta uku na daka tsalle, ɗana ya ɗago kai daga waya ya ce, "Baba, ai tun ɗazu aka turo." Mbappe ya sake farkewa, wannan ma ta katanga na fara ji. Bugun fenareti kuwa da kunne na kalle shi. Coman bai taho ba na ji salati daga can, na san an kaɗe. Tchouameni ma haka na ji, shi kuwa waje ya buga. Ta ƙarshe, wadda Montiel ya buga, ƙarar kujerar da aka hankaɗe ce ta ba ni labarinta. Tun 2014 da Jamus ta ƙwace mana kofi nake jiran wannan bugu, ya zo ya same ni ina murnar abin da ya riga ya huce.

Washegari na rubuta wa masu manhajar. Amsarsu ita ce in kashe in kunna, in duba ƙarfin intanet ɗina. Intanet ɗina lafiyarsa ƙalau, ko sau ɗaya zoben nan mai juyawa bai fito ba. Wani ƙanena da ya san harkar kwamfuta ne ya warware min. Ya ce tauraron ɗan Adam ɗin da dish ke fuskanta yana can sama kusan kilomita 36,000, amma sigina ta hau ta sauko a kusan rubu'in daƙiƙa. Na intanet kuwa sai an yayyanka hoton gutsi-gutsi, kowane na 'yan daƙiƙoƙi, manhajar ta tara biyu ko uku a hannu kafin ta fara nuna maka, don kar hoton ya riƙa tsayawa. Nan rabin minti ke tafiya, wani lokaci fiye. Wato da gangan ne. Kuma suna rubuta "kai-tsaye" da jan rubutu a kusurwar allo, ranar da suke karɓar kuɗina babu wanda ya ce min uffan.

Daga nan ne na fara ganin sauran abin da zumuɗi ya rufe min ido a kai. Data. Ko Netflix sun rubuta a shafinsu cewa awa ɗaya ta hoto mai kyau na iya cin giga 3, mafi kyawun kuma har 7, wasan nan kuwa ya kusa awa uku. Manhaja biyu sun koma huɗu, don abin da maman yara ke bi na wannan, na yara na waccan. Da na haɗa lissafi sai na ga ashe gudun da na yi bai kai ni ko'ina ba. Akwai wani shiri mai dogon zango da na kai tsakiyarsa, na wayi gari babu shi, wai yarjejeniyarsu da masu shi ta ƙare. Wa zan kai wa ƙara?

Duk da haka, a fim ba zan koma jiran ƙarfe kaza ba, wannan kam na ɗanɗana. Ƙwallo ce ba zan ƙara yarda ba. Kwana biyu bayan wasan muka haɗu da maƙwabcin a ƙofar gida, ina shirin yi masa tsiyar kofi, ya riga ni: "Malam, an gama a naka, ko har yanzu ana bugawa?" Daren nan na ciro dikoda daga kwali na kakkaɓe mata ƙura.