Kular mota mai lantarki: abin da na gani bayan doguwar tafiya 6 da ita

Ranar da na ƙudura sayen kular nan, a wani gidan mai nake, zaune a kujerar baya, ƙofa a buɗe, gumi na keto min kamar an watsa min ruwa, zuciyata na dukan uku-uku. Abin da na ci bai taka kara ya karya ba: rabin kek ɗin leda da 'yan kurɓin lemon kwali. Awa 6 muna tafe ban sa komai a bakina ba, da muka tsaya kuma babu abin da ke kan kanta sai kek da biskit da alewa da lemo mai gas. Ko minti 20 ba a yi ba jiri ya ɗebe ni, ciki ya hau murɗa. Ƙanina da ke tuƙi duk ya ruɗe. "Yaya, ko mu nemi asibiti?" Hannu kawai na ɗaga masa, don na san abin da ya same ni, an gargaɗe ni a kansa tun kafin a sallame ni daga asibiti bayan tiyata.

Wata 7 ke nan a lokacin da yi min tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba, wadda likitoci ke kira silib. Abin da ya kayar da ni kuwa shi suke kira damfin. Abu mai sukari ne ke faɗawa ƙaramin hanji a guje bai daɗe a tumbi ba, hanjin ya janyo ruwa daga jini, sai gumi da jiri da bugun zuciya su taso cikin minti 10 zuwa 30. Akwai kuma na biyu mai zuwa bayan awa 1 zuwa 3, lokacin da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, ya yi yawa sukarin jini ya faɗi. Ya fi addabar waɗanda aka yi wa baifas, wata irin tiyatar rage ƙiba daban, amma mu ma bai ƙyale mu ba. Sai da na kishingiɗa wajen minti 40 sannan ya lafa. Muna hawa titi na ce a raina, na daina barin cikina a hannun sa'a.

Kular da na saya mai cin lita 24 ce, da igiya biyu: ɗaya ta cusawa a ramin kunna sigari na mota, mai bolt 12, ɗaya ta wutar gida. A murfinta akwai 'yar fanka. Ba zan kama sunan kamfani ba, don masu irin wannan ƙirar kusan duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Zuwa yanzu na yi doguwar tafiya 6 da ita, mafi gajarta awa 5, mafi tsawo kwana 2 a hanya.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani, wanda ni sai da na sha wuya na gane, shi ne wannan ba firji ba ce, ko da an zana ƙanƙara a jikin kwalinta. Firji na gaske kwamfuresa gare shi, wato injin da ke matse gas ya samar da sanyi, ka sa masa digiri 3 ya tsaya a 3 ko ana zabga rana. Ita kuwa wani ɗan faranti ne a cikin murfinta, wanda idan lantarki ya ratsa shi ɓangare ɗaya ya yi sanyi ɗayan ya yi zafi, fanka ta kore zafin waje. Wani Bafaranshe ne, Jean Peltier, ya gano wannan dabara a 1834. Amfaninta ba nauyi, ba gas, ba abin da zai lalace don gargadar hanya. Aibunta kuma ba ta da sanyin kanta, sai dai ta rage wa iskar da ke kewaye da ita zafi da kamar digiri 15 zuwa 20. To yi lissafi. Idan cikin mota na digiri 22 saboda iyakwandishan, cikin kula zai sauko wajen 5, lafiya lau. Idan kuwa motar ta kai 35, kajinki na zaune a 17 ko 18, kina can kina murna suna cikin sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, kada kuma dafaffen abinci ya wuce awa 2 a zafin ɗaki, don tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Ga mai cikakken tumbi, gurɓataccen abinci wahalar kwana biyu ce. Ga irina da ba ta iya kwankwaɗar kofi guda a tashi ɗaya, amai da gudawa na nufin ƙarin ruwa a gadon asibiti.

Saboda haka na ƙara mata abu biyu da ba su zo da ita ba: ƙaramin ma'aunin zafi irin na firji, da fakitin ƙanƙara 3. Tun dare nake jona ta a wutar gida ta kwana tana aiki, abincin kuma ya kwana a firji, da asuba in shirya shi da sanyinsa. Ta iya riƙe sanyin da aka ba ta, amma idan aka zuba mata abu mai ɗumi sai ta yi rabin yini tana fama. Da wannan tsarin ma'aunin bai taɓa wuce digiri 4 ba muddin mota na tafiya.

Me nake sawa a ciki? Mai ba ni shawarar abinci a asibiti ta ɗora min giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, tumbin nawa kuwa a zama ɗaya abin da yake ɗauka bai fi rabin kofi ba. Kowace loma ke nan sai ta biya kuɗin kujerarta. Dafaffen ƙwai ɗaya na ba da wajen giram 6, tsokar ƙirjin kaza giram 100 kuma wajen 30, sai dai ni rabin haka nake iya ci. Ina ƙarawa da yogot mai kauri marar sukari, da cuku yanka-yanka, da kwalba 2 na haɗin garin furotin don ranar da ciki ya ƙi karɓar abu mai tauri. Kowane ci da 'yar robarsa mai murfi, na auna tun daga gida, domin ido a hanya maƙaryaci ne, ga hira ga kallon titi, kafin ki ankara kin ƙara loma biyun da za su tsaya miki a ƙirji. Wani abu game da kaza: sanyi na busar da ita, busasshen nama kuwa shi ne babban abokin gabar sabon tumbi. Karo na farko gasasshiya na ɗauka, loma ta uku ta tokare ni har na fita ina zagaya mota ina tofar da yawu. Yanzu dafa ta nake yi, in zare ta sili-sili, in bar mata ɗan romo a ƙasan roba. Kifin gwangwani da gyaɗa ba sa buƙatar sanyi, suna jakar hannuna.

Duk da haka, wahalar da ta fi girma ba kula ce ta warware ta ba, agogo ne. Doka ita ce kada a haɗa ci da sha: a dakata da ruwa kamar minti 30 kafin abinci, a kuma jira minti 30 bayansa, don ruwa kan cike ɗan wurin da ake da shi ko ya wanke abincin ya wuce da wuri. Cin kansa minti 20 zuwa 30 ne, ana tauna kowace loma har ta zama kamar kunu. Ci ɗaya ke nan ya cinye kusan awa ɗaya da rabi babu ruwa. Ninka wannan sau 4, ka ga abin da ya rage na shan lita ɗaya da rabi zuwa 2 da ake so a rana, kurɓi-kurɓi, ba da tsinken zuƙa ba, ba mai gas ba. Ga kuma jarabar da duk matafiyi ya sani, ta rage shan ruwa don gudun neman ban ɗaki. Na yi wannan wautar a tafiya ta biyu, na isa da ciwon kai, fitsari ja wur. Rashin ruwa a jiki na cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti bayan wannan tiyata, kuma ba ya sallama. Yanzu waya ce ke tuna min. Muna tsayawa duk bayan awa 2, in taka ƙafa minti 5 don jini ya zaga, domin dogon zama na jawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma a wasu tsayuwar nake cin abincin a natse, ba mota na jijjiga ba. Ƙanina har ya haddace. "Yaya, lokacin ruwa ne ko lokacin ƙwai?" A nan kular ta yi min rana ta wata fuska: tun bayan tiyata ruwa mai ɗumi tashin zuciya yake sa ni, mai sanyi kuwa yana wucewa sumul. Wasu akasin haka suke ji, kowa da nasa tumbin.

Sai ranar da ta ba ni kunya, ko in ce na ba kaina. A tafiya ta huɗu mun tsaya gyaran taya, aka ja mu kusan awa 3, motar na rana, gilasai a rufe. Ban san cewa a motarmu ramin sigari na mutuwa da zarar an zare makulli ba. Kular ba ta da ƙararrawa, ba ta da batir, fanka ta yi shiru ta kwanta abinta. Ranar kuma na yi kasala, fakitin ƙanƙara ɗaya tal na sa. Motar da aka rufe a rana zafin cikinta kan haura digiri 50. Da na ɗaga murfi ma'auni na nuna 21. Na tsaya ina kallon abincin yini guda, ƙanina na cewa "Ai ba su yi wari ba, Yaya." Na ce masa wari ba shi ne shaida ba. Kaza da yogot da ƙwai duk na zubar, na ƙarasa tafiyar da kifin gwangwani da garin furotin da na kaɗa a ruwan gora. Tun ranar ba na fita sai da abin ko-ta-kwana wanda zafi ba ya ɓatawa. A motocin da ramin ba ya mutuwa kuma matsalar juyawa take yi: kular na zuƙar wuta ba hutawa, idan aka bar ta ta kwana a jone, da safe sai an tura mota.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Fankar na da ɗan gurnani, a titi ba a ji, amma a ɗakin otal da dare sai na kai ta bakin ƙofa. Ruwa na taruwa a ƙasanta, don haka kome sai a roba mai rufuwa gam. Igiyar gajera ce, ba ta kai but, wanda daga baya na ga alheri ne, tunda sanyin iyakwandishan ba ya kaiwa but sosai, kuma yana toshe wa fanka iska. A ƙasan kujerar baya nake ajiye ta inda sanyin mota ke kaiwa. Magungunana ba na sa su ciki saboda laima: bitamin, da B12, da na ƙarin jini, da kalsiyam wanda nake raba shi da na ƙarin jinin da awa 2 don kada su hana juna shiga jiki. Farasitamol ma na jaka, tunda an hana mu irin su ibufurofen saboda gyambon ciki, kada ciwon baya ya kama ni a hanya wani ya miƙo min da kyakkyawar niyya.

Zan sake saye? Don tafiyar yini ɗaya a mota mai iyakwandishan, e, ba tare da dogon tunani ba, amma da ma'aunin zafi da ƙanƙara, in ba haka ba akwati ce kawai mai fanka. Wanda motarsa ba ta da sanyi, ko yake kwana biyu uku a hanya a lokacin zafi, gara ya daure ya nemi mai kwamfuresa duk da nauyinta da tsadarta. Ni ma can idona yake. Wanda kuma bai fi 'yan makonni da tiyata ba, yana kan ruwa-ruwa ko niƙaƙƙen abinci, likitansa zai fara tambaya ko tafiyar ma ta halatta, kafin a zo maganar kula.

Mako mai zuwa muna da tafiyar awa 9. Fakitin ƙanƙara uku na cikin firiza tun jiya, na kuma ƙaro na huɗu.