Akwatin Warhammer 40,000 da na saya a Jidda

Jama'a wata biyu kenan da na sayi akwatin farawa na Warhammer 40,000, wani wasan yaƙi na kan tebur, bugu na 10 da Games Workshop na Ingila suka fitar a 2023, ni da ƙanina muke bugawa bayan isha'i kan tebur ɗin falo. Ƴan sojojin roba ne ƙanana, kai za ka haɗa su ka yi musu fenti, ɓangare biyu ne, Space Marines (mayaƙan ɗan Adam) da Tyranids (dodannin sararin samaniya).

Dokar harbi ita ta fi burge ni wallahi. Ba wai kawai ka ce na harbe ka ba, sai ka ɗauko tef ka auna inci nawa ne tsakani, sannan dole sojanka ya hango wani sashe na abokin gaba, har durƙusawa muke muna leƙe ta bayan kan ɗan sojan. Daga nan ka jefa dayis irin na lido ka ga ko ka samu, ka sake jefawa ka ga ko ka raunata, in ƙarfin makaminka daidai yake da taurin jikinsa 4 kake nema zuwa sama, in ya ninka shi 2 ma ta isa, shi kuma abokin gaba ya jefa na sulkensa ya ga ko zai tsira. Wanda ya laɓe bayan bango yana samun ƙarin 1 a sulke, nan muke yawan musu, ƙanina ya ce Yaya ai ƙafarsa kaɗai ake gani.

Shagon intanet ɗin da na yi oda sun ja min sati uku, kuma riyal ɗin ba kaɗan ba. Amma zan ƙaro wani akwatin insha Allah.