Hudl: gwani ce wajen haɗa bidiyo, amma ba ita ke nemo wa ɗan ƙwallon kwando jami'a ba

A yawancin makarantun sakandaren Amurka, wasan ƙwallon kwando na ƙarewa bidiyonsa zai hau Hudl, manhajar da aka kafa a Lincoln ta jihar Nebraska a 2006. Makaranta ce ke biyan kuɗin rajista, koci ya saka sunan ɗan wasa a jerin ƙungiya, daga nan yaro ya samu shafinsa. Ga mai neman gurbi a ƙungiyar jami'a, wannan shafi shi ne takardar gabatar da kansa.

Inda ta fi burgewa shi ne yankan bidiyo. Idan makarantar na biyan Hudl Assist, ma'aikatan kamfanin za su bi wasan su yi wa kowane jifa, kowace miƙa ƙwallo da kowace ƙwace alama da lambar rigar wanda ya yi. Yaro ya nemo lambarsa, ya zaɓi guntayen da yake so, ya jera. Aikin da a da kan cinye dare guda yanzu bai fi awa ɗaya ba. Sai dai a duba kafin a tura, domin idan hoton ya dushe akan ɗora wa wani abin da wani ya yi.

Kayan aiki dai sun yi kyau, amfani da su ne ke lalacewa. Bidiyo kada ya wuce minti uku zuwa huɗu, mafi kyawun wasa ya zo cikin daƙiƙa 30 na farko, don mataimakin koci ba ya jiran ƙarshe. A sa da'irar da ke nuna ɗan wasa kafin motsi ya fara, ba a tsakiyarsa ba. A cire kiɗa da rage gudun hoto. Kuma kada a cika shi da jifan maki uku kaɗai: koci na son ganin tsaro, gudu in ba ƙwallo a hannu, da komawa baya bayan an rasa ƙwallo. Shi ya sa ya zama wajibi a haɗa da cikakken wasa ɗaya ko biyu da ƙungiya mai ƙarfi. Gajeren bidiyo ke jawo ido, cikakken wasa ke sa a yanke shawara.

Kamarar Hudl Focus da ake kafewa a bangon zaure tana bin wasa da kanta, ta fi wayar da ake riƙewa daga benci nesa ba kusa ba. Rauni ɗaya shi ne wasannin bazara na EYBL, 3SSB ko Under Armour Association (gasannin ƙungiyoyin matasa da ba na makaranta ba), inda kococin jami'a ke cika zaure, ba lallai su shiga shafin makaranta ba, sai an nemo su daban.

Abin da iyaye ke yawan kuskurewa: ɗora bidiyo ba ya nufin an gani. Dole yaro ya tura imel da kansa, da tsawonsa, matsayinsa a fili, shekarar kammalawa, sakamakon karatu da lambar kocinsa. A Division I na maza (rukuni mafi girma na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka), koci ba zai fara kira ba sai 15 ga Yuni bayan yaro ya gama aji 10, don haka shirun da ya riga wannan rana ba ƙi ba ne. Hudl kuma ba ta taɓa batun cancanta: NCAA na buƙatar darussa 16 na asali da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 a Division I, 2.2 a Division II, kuma rajista a cibiyarta ta tantancewa aiki ne daban.

Tun buɗe kafar sauya jami'a a 2018 (inda ɗan wasan jami'a ke saka sunansa in yana son komawa wata), kococi da yawa sun fi karkata ga wanda ya riga ya buga a jami'a, guraben 'yan sakandare suka matse. Don haka a tura bidiyon har wa Division II, Division III (wadda ba ta ba da tallafin karatu na wasa), NAIA (wata hukumar wasannin ƙananan jami'o'i) da kwalejojin shekara biyu. Ga wanda makarantarsa ta riga ta biya, babu dalilin ɗaukar wani ya yanka masa bidiyo da kuɗi.