Adaftar kabul ko kile Wi-Fi? Amsa ga ƙanenmu da Windows 11 ya tsaya wa a shafin rezo

Ƙanena, ka tambaya ko adaftar kabul za ka saya ko kile Wi-Fi; bar maganar kile Wi-Fi ɗin nan. Tunda ka ce kabul na nan a jone daga boks ɗin intanet har bayan kwamfutar, Windows 11 ne kawai ya kafe a shafin neman rezo lokacin da kake saka shi, to adaftar USB mai ramin kabul za ka saya, wadda ƙwayar cikinta Realtek RTL8153 ce. Sai dai kafin ka fitar da ko dala, duƙa ka leƙa bayan injin tukuna.

A bakin ramin da kabul ya shiga akwai ƴan fitilu guda biyu. In duk a mace suke, to ciwon bai ma kai ga Windows ba. Zare kabul ɗin, ka busa ramin, don ƙurar Yamai ba ta barin kowane rami lafiya, ka mayar har ka ji ya yi ƙas. Ka duba wajen boks kuma: mutane da yawa suna cusa kabul a ramin da aka rubuta WAN, alhali a ɗaya daga ramukan da aka rubuta LAN ya kamata ya shiga. In fitila ta kama, danna Shift da F10 tare a wannan shafin da ka tsaya, baƙin allo zai buɗe, ka rubuta ipconfig. In ka ga lamba mai farawa da 169.254, katin rezo yana aiki, boks ne bai ba shi adireshi ba; kashe boks ɗin, ka ɗan jira, ka kunna. In lambar ta fara da 192.168, tsakaninka da boks lafiya lau, sai ka bincika ko kuɗin wata ne ya ƙare, ko kuma kwanan watan injin ya koma baya. Wannan na ƙarshe yana yawan kama injinan okaziyo, saboda ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu, kuma in kwanan wata ya kauce, sabobin Microsoft ba su yarda da injin. Amma in ipconfig bai nuna maka katin Ethernet ba sam, pilot ne babu, wato ƴar manhajar da ke sa Windows ya gane katin ya tuƙa shi. Ina kyautata zaton nan kake, kuma nan ne adafta take da rana.

Tawa TP-Link UE300 ce, fara, ƴar ƙarama, igiyarta na naɗewa a jikinta. Ta daɗe a aljihun jakata tare da kile ɗin da nake saka Windows da shi. Ranar da ta shiga raina ita ce ranar da kawuna ya kira ni zuwa garin Tawa. Yana da shagon buga takardu da fotokofi, ya sayi sabuwar kwamfutar tebur, babu komai a cikinta. Na bi motar asuba, Doso, Dogon Dutsi, Konni, ban isa ba sai bayan la'asar, ga zafin bazara. Na zauna, na fara aiki, komai na tafiya daidai har muka iso wannan shafin naka. Fitilun baya suna ƙyaftawa, allo kuwa fayau, ba rezo ko ɗaya. Katin injin Intel I225-V ne, irin mai gudun gigabit 2.5, kuma Windows ɗin da ke kan kile ɗina bai zo da pilot ɗinsa ba. Ka ga ƙullin: kana buƙatar intanet ka sauko da pilot, kana buƙatar pilot ka samu intanet. Kawu na tsaye a kaina da butarsa a hannu, ɗalibai uku na zaune a benci suna jiran a buga musu takardun kammala karatu, tsohon injin kuma ya riga ya mutu. Na zare kabul daga bayan kwamfutar, na cusa shi a adaftar, na soka ta a ramin USB. Ban kai ga gyara zama ba rezo ya bayyana, maɓallin ci gaba ya yi shuɗi. Kawu ya ajiye butar ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka." Kafin isha'i injin na buga takardu. Wallahi har yau in na tuna fuskokin yaran nan da suka miƙe daga benci, daɗi nake ji.

Abin da ya sa ta yi aiki nan take shi ne pilot ɗin RTL8153 yana cikin Windows 10 da 11 tun asali, ba ya jiran a sauko da shi. Haka ma in wata rana ka koma Ubuntu ko Debian, Linux ya san ta, pilot ɗin r8152 ne ke tuƙa ta. Gudunta gigabit ɗaya ne a ramin USB 3.0, wanda ya fi abin da boks ɗin yawancinmu ke kawowa nesa ba kusa ba. Kuma ba ta ƙare aiki ranar da ka gama saka Windows: ranar da tsawa ta ƙone ramin kabul na wani inji da damina, ko aka kawo maka siririyar kwamfutar hannu da ba ta da ramin gaba ɗaya, ita za ka lalubo.

Kile Wi-Fi kuwa na taɓa sayen ɗaya, na yi da-na-sani. Yawancinsu su ma pilot suke nema, an saka shi a ɗan faifan CD, injinan yanzu kuma ba su da wurin faifai. Ka sayi matsala ta biyu ke nan a kan ta farko. In ɗakinka na da nisa da boks kuma ba halin jan kabul, yana da amfaninsa bayan an gama komai. Iyakar abin da zan ce a kansa ke nan.

In dare ya yi maka kuma kana son gamawa yau, salularka ta Android za ta iya fitar da kai. Jona ta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ka shiga saitin raba intanet, ka kunna rabawa ta USB. Windows yakan ɗauke ta kamar kabul ba tare da ya nemi komai ba. Dabarar ita ce ka fara jona salular da Wi-Fi na boks, don kada sabunta Windows ya cinye maka forfe a zama ɗaya. Da iPhone abin ba ya tafiya haka, sai an saka pilot ɗin Apple. Akwai kuma hanyar sauko da pilot ɗin katinka a wata kwamfutar, ka warware shi a kan kile. Windows 11 na 24H2 ya ƙara maɓallin saka pilot a wannan shafin. Hanyar tana aiki, amma sai ka san ainihin sunan katin ko na babban allon cikin injin, wanda komai ke jone a kansa. Wasu za su ce maka ka rubuta oobe\bypassnro a baƙin allon nan ka tsallake shafin. A tsofaffin kile yana yi, sai dai tun 2025 Microsoft ya fara cire shi, kuma ko ka tsallake, za ka shiga Windows ka tarar kabul ɗin bai da rai kamar yadda ka bar shi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru a kai ba. Kasuwa cike take da adafta ta bogi. Akwai wata ƴar shuɗiya ko fara mai araha, sau da yawa an rubuta RD9700 a jikinta ko a faifanta. Kwalinta zai ce USB 2.0, wani ma ya ce gigabit, alhali a gudun USB 1.1 take tafiya, wanda iyakarsa megabit 12, kuma Windows bai san ta ba sai da faifai. Wani mai shago ya taɓa rantse mini cewa duk ɗaya ne, sunan ne kawai ya bambanta. Ba ɗaya ba ne. Leƙa cikin bakin USB ɗin: na 3.0 na gaskiya yana da ƙarafa tara, huɗu a gaba, biyar a can ciki. Na bogi an shafa wa harshensa shuɗi ne kawai, ƙarafa huɗu ne. Kada ka biya sai an soka ta a kwamfutar shagon a gabanka, ka buɗe jerin na'urorin injin, ka ga ta fito da sunan Realtek USB GbE Family Controller. Wanda ya ce maka ba a buɗe kwali, ka yi masa sallama ka wuce shago na gaba.

Kabul ma haka. Ana sayar da wani da sunan Cat6, cikinsa alminiyom ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa, in ya yi fari ka gane. In ka kanga masa birike kuma nan da nan zai lanƙwashe ya narke. Irin wannan ne ke karyewa a cikin kan RJ45, yau ya yi, gobe ya ƙi. Siloli takwas ne a cikin kabul, gigabit na buƙatar dukansu, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, shi ya sa wani lokaci za ka ga rezo ya kama amma gudun ya faɗo 100: sili ɗaya ne ya saki. In mai matse kan ya gama, ka sa ya gwada maka da tasta, ka ga fitilu takwas sun bi layi ɗaya bayan ɗaya. Tsawonsa kuma kada ya wuce mita 100.

Ka sayi UE300 ko wata mai RTL8153 da ka gwada da idonka. In Windows ya gama shiga, kar ka zare ta tukuna. Bar shi ya yi sabuntawa, ya sauko da pilot ɗin katin injin, in bai kawo ba ka ɗauko a shafin kamfanin da ya ƙera babban allon. Sannan ka mayar da kabul raminsa na asali, adaftar ta koma jaka. In ka buga ipconfig ka ga abin da bai yi kama da ukun da na lissafa ba, ɗauki hoton allon ka turo, in na dawo daga magariba zan duba.