Bristol, Liverpool ko Gloucester: wace tasha za ka nufa da jirgin ruwa na haya?

Wanda ke zaune a Ingila, ko ya je ganin 'ya'ya lokacin bazara, ba zai rasa ganin siraran jiragen ruwan nan masu fenti kala-kala a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, ba. Da yawansu na haya ne. Faɗin jirgin bai kai ƙafa 7 ba, amma akwai gadaje da kicin da banɗaki a ciki. Ba a tambayar lasisin tuƙi, kamfanin zai nuna maka yadda ake riƙe akalar ranar farko ya miƙa maka makulli. Ana bayarwa na mako guda, ko daga Juma'a zuwa Litinin, ko daga Litinin zuwa Juma'a, kuma kuɗin ya fi tsada a hutun makaranta na ƙarshen Yuli da Agusta.

Kafin ka ɗora ido a kan wani birni, yi lissafin hanya. A yawancin kanal doka ta hana wuce mil 4 a awa, wato saurin mai tafiya a ƙasa. Ga kuma ƙofofin ruwa da ke ɗaga jirgi ko sauke shi inda ƙasa ta yi tudu: ka shigar da jirgin, wani ya sauka da ƙarfen murɗawa, ya jingina bayansa da katakon ƙyauren ya tura, sannan a jira ruwa ya cika. Kowace tana cin wajen minti 15 zuwa 20. 'Yan hannu sukan haɗa yawan mil da yawan ƙofofi su raba uku, abin da ya fito shi ne awannin tafiya. Sai ka ninka biyu, domin inda ka ɗauki jirgi nan za ka mayar. Da yawa a nan suke faɗuwa: su iso birnin da yamma, su kwana, gari na wayewa su juya ba su ga komai ba.

Ga sabon shiga mai mako guda, Bristol nake zaɓa masa. Kamfanonin haya sun yi yawa a kanal ɗin Kennet da Avon, musamman wajen Bath da Bradford-on-Avon, kuma daga Bath yini ɗaya ya isa. Ka ga ka haɗa birane biyu ke nan a tafiya guda. Tashar Bristol an tare ta da ƙofofi tun 1809, saboda haka ruwanta ba ya hawa ba ya sauka duk da teku na tashi sosai a waje, kuma za ka ɗaure jirginka a tsakiyar gari. Da ƙafa za ka je SS Great Britain, jirgin ƙarfen da injiniya Brunel ya ƙera aka sa shi a ruwa a 1843, aka dawo da shi a 1970 cikin ramin da aka gina shi. Wannan da kuɗi ake shiga. Gidan tarihi na M Shed kyauta ne, kuma can aka ajiye gunkin Edward Colston, mai fataucin bayin da masu zanga-zanga suka tumɓuke suka jefa cikin wannan tashar a Yunin 2020. Gadar Clifton ta 1864 tana kan tudu, sai a shirya hawa. Masallaci da naman halal, a nufi unguwar Easton.

Abu biyu za a lura. Daga Bath zuwa Bristol kogi ne, ba kanal ba. In aka yi ruwa mai yawa ya cika, dakatawa za a yi, kuma ba kowane kamfani ne ke barin jirginsa ya bi ta nan ba. Sannan ikon hukumar Canal & River Trust ya ƙare a ƙofar Hanham. Daga nan hurumin hukumar birnin Bristol ne, kuma kuɗin tsayuwa daga aljihunka zai fito. Kada kuma kwaɗayi ya sa ka ɗauki jirgi daga gabashin Devizes, ƙofofi 29 na Caen Hill za su cinye maka yini cur, zuwa da dawowa yini biyu.

Liverpool ta fi su abin kallo, ta kuma fi su sharaɗi. Kanal ɗin da ya taso daga Leeds mil 127 ne, an kammala shi a 1816, amma sai a 2009 aka buɗe guntun da ya haɗa shi da tsoffin tashoshin bakin gari. Shigar kanta abin kallo ce: ka sauka ƙofofi 4 na Stanley, ka ratsa faffaɗan ruwa tsakanin manyan sito na jan bulo, ka wuce ta gaban Royal Liver Building da tsuntsayensa biyu a sama, mutane na leƙenka daga kan gada, ka bi ta ƙarƙashin gidan tarihin birnin, ka ɗaure a Salthouse Dock kusa da Albert Dock. Sai dai ba a shiga haka kawai. Dole a yi rajistar rana da wurin tsayuwa tun da wuri, kuma ranar da aka ba ka ita ce za ta tsara hutun gaba ɗaya. Fari ma yana taɓa wannan kanal ɗin, an rufe sassansa a bazarar 2018 da ta 2022 saboda ƙarancin ruwa.

Abin da zai sa ɗan Najeriya ya jure wannan shi ne tarihin da ya haɗa mu. Daga nan jiragen Elder Dempster ke tashi zuwa Legas, kuma John Holt da dattawan Kano suka sani kamfanin Liverpool ne. A Brougham Terrace akwai masallacin da lauya Abdullah Quilliam ya buɗe a 1889, aka sake buɗe shi a 2014, kuma ana salla a ciki. Quilliam ɗin ne ya je Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Gidan tarihin cinikin bayi na Albert Dock an rufe shi tun farkon 2025 don gyara, a duba kafin a sa shi cikin lissafi. 'Yan ƙwallo kuwa, Anfield 'yar tafiya ce a bas.

Gloucester ta masu son hutawa ce, ko masu tafe da tsofaffi. Kanal ɗinta zuwa Sharpness, na 1827, mil 16 ne ba ƙofa ko ɗaya a tsakani, gadojin ma ma'aikata ne ke buɗewa. Akwai tsoffin sito, gidan tarihin hanyoyin ruwa, babbar majami'a da kantunan rangwame na Gloucester Quays. Yini ɗaya ya gama da su. In daga wajen Worcester ka ɗauki jirgi, ta kogin Severn za ka sauko, shi ma kuwa yana da saurin cika.

Ko wacce ka zaɓa, kafin ka biya kafin alƙalami tambayi kamfanin ko sun yarda jirginsu ya shiga tashar, awa nawa ne daga ofishinsu zuwa can, ko man dizal da inshorar ɓarna na cikin kuɗin, da abin da za su yi maka in an rufe hanya. Ku tafi da aƙalla manya biyu masu ƙarfi, ɗaya a akala ɗaya a ƙofa, yara kuma a sa musu rigar ceto. Ruwan alwala daga tankin jirgi yake, sai a riƙa cikawa a famfunan bakin hanya. Daga Nuwamba zuwa Maris ake rufe ƙofofi don gyara, saboda haka Mayu, Yuni da Satumba sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin cunkoso.