Birkin bayan Hilux ɗina da ya ƙi saki, da yadda muka ƙare da wani dattijon bakanike a Gombe

Wata biyu cur na yi ina fama da birkin bayan motar nan, sai makon jiya Allah Ya yanke min wahala a hannun wani dattijo, amma fa har yanzu akwai abin da ke cina a rai game da garejin nasa, duka zan faɗa.

Motar tsohuwar Hilux ce mai jan ƙafa huɗu, LN106, mai injin dizal 2.8, irin waɗanda aka yi daga 1988 zuwa 1997, birkin gaba faifai ne na baya kuma duram. Da ita nake zuwa gonar shinkafa a wajen Dadin Kowa, kuma duk wanda ya san hanyoyin fadamar can da damina ya san taɓo har aksil yake kaiwa, wani lokacin ka dawo gida a gajiye ko wanke ta ba za ka yi ba sai ya bushe a jikinta. To tun farkon damina na lura idan na taka birki na ɗaga ƙafa motar sai ta yi nauyi kamar an ɗora mata buhu ashirin, ko a gangare na sa ta a firi ba ta son tafiya, ga shan mai da ya ƙaru a wannan tsadar dizal ɗin. Ranar da hankalina ya tashi mun dawo daga gona da yamma, kafin mu shigo gari warin ƙauri ya cika motar, na tsaya na yayyafa wa wilin baya na hagu ruwan leda sai ji kake cuuu, tururi ya tashi. Na dama shi ma da zafi amma bai kai haka ba.

Wanda na fara kai wa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Da guduma ya fitar da duram ɗin yana dukansa kamar maƙeri, ya ce shu ne ya cinye, wato abin nan da ke matse duram daga ciki idan an taka birki, na sayi sabo aka sa, ya sassauta ajasta, abin da ke saita tazarar shu da duram, har ƙarshe ya ce an gama. Kwana biyu birki ya koma riƙewa, ga feda ta yi zurfi, ga birkin hannu ya daina kamawa da kyau. Sau biyu ina komawa yana ƙara sassautawa, na uku dai ban je ba.

Wani direban tifa da muke masallaci ɗaya ne ya ce in gwada wannan dattijon, wai Land Cruiser da Hilux kawai yake taɓawa tun yana saurayi. Garejin ba wani abin kallo ba ne, rumfar kwano ce da inuwar dogon yaro da yara uku. Na fara yi masa bayani ina cewa Baba ina ganin shu ɗin da aka sa min jabu ne, sai ya ce Alhaji dakata tukuna, kar ka sayi komai sai motar ta faɗa mana da bakinta.

Ya sa aka ɗaga bayan gaba ɗaya aka tokare, tayoyin biyu suna lilo. Ya ce in shiga in taka birki da ƙarfi sau uku in saki. Na yi. Ya kama tayar dama da hannu biyu, da kyar take motsi, ta hagu kuwa ko gezau. Sai ya kwanta a kan kwali ya shiga ƙarƙashi da ƙaramar sufana, ya ɗan kwance nonon nan na bayan silindar birkin taya da ake fitar da iska ta nan, wallahi man birki ya yi tsartuwa kamar an matse sirinji, baƙi ƙirin, alhali ƙafata ba ta kan feda. Nan take ya tura tayar dama da yatsa biyu ta kama juyawa. Ya leƙo daga ƙarƙashi ya ce ka gani ko, mai yana zuwa amma ba ya komawa. Ya nuna min tiyon roba guda ɗaya da ya sauko daga shasi zuwa kan aksil, ya ce shi kaɗai ke ba tayoyin bayan nan biyu mai, idan ya tsufa cikinsa yana kumbura ya toshe, ƙarfin ƙafarka zai tura mai ya wuce, amma sifirin ɗin da ke jawo shu baya ba shi da ƙarfin da zai mayar da shi, sai birki ya zauna a kame. Kuma abin mamaki daga waje tiyon lafiya lau yake, ko tsagewa babu. Da aka ciro shi ya miƙa min ya ce hura, na hura har kunnuwana suka yi zafi iska ba ta fita. Ya yanka shi gida biyu da wuƙa, ramin ciki ya rufe saura kamar bakin allura.

Ni a nan na ɗauka an gama, har na fara godiya, sai ya ce a'a tayar hagu fa har yanzu tana ja, kuma ai mun sauke mata ƙarfin mai ita ma, ke nan tana da nata ciwon daban. Yadda ya cire duram ɗin ma ya burge ni, babu guduma, ya cire ɗan robar da ke bayan farantin da shu ke zaune a kai ya zura sukundireba ya mayar da ajasta, sannan ya ɗaura bol biyu a ramukan nan masu zare da ke fuskar duram yana juya su ɗaya bayan ɗaya har duram ɗin ya turo kansa waje. Ni shekarun da na yi da motar ban taɓa sanin amfanin ramukan nan ba. Ciki kuwa busasshen taɓo ne da tsatsa, ɗan ƙarfen da kebul ɗin birkin hannu yake ja a bayan faranti ya cije a kan fil ɗinsa, ko ka sauke birkin hannu shi ba ya komawa. Kusan awa ɗaya ya yi a zaune a kan tsohuwar taya yana jiƙa shi da mai yana ƙwanƙwasawa a hankali har fil ɗin ya fita, ya goge shi da buroshin ƙarfe, ya shafa giris ɗan kaɗan ya mayar. Shu ɗin da nake zagi ashe ba jabu ba ne, zafi ne ya sa fuskarsa ta yi sheƙi kamar gilashi, ya goge da samfefa ya ce zai yi, kar in ɓarnatar da kuɗi. Ya kuma duba oyil sil na aksil ko zafin ya ƙona shi, don idan man aksil ya zubo kan shu wani sabon kamun ne, Allah Ya sa bai taɓu ba. Wani bakaniken da ya ga mutum a matse haka da sai ya lissafo masa silinda da masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, da duram sabo, shi tiyo da man birki DOT 3 kawai ya ce in kawo, kuma ya ja kunnena in sayi wanda bakinsa ke rufe, kar in yarda da na cikin gorar ruwa, don idan aka gauraya shi da man inji ko na sitiyari duk robobin birki kumbura suke yi.

Da a ranar na rubuta wannan da ba abin da za ku ji sai yabo. Amma ya ce min in dawo bayan la'asar in ɗauki mota, na zo na tarar ya tafi ta'aziyya Kumo, wannan ba laifi ba ne Allah Ya jiƙan musulmi, to amma washegari ma haka, wayarsa a kashe, motata a kan katako babu taya, ga takin da zan kai gona a jibge a zaure, sai da na yi hayar wata motar. Kwana uku a kan aikin da shi da bakinsa ya ce na yini ɗaya ne. Kuma abin da ya fi ɓata min rai, ashe yaran ya bar wa su fitar da iska. Na karɓi mota na ji feda ta ɗan yi laushi, babban yaron ya ce Oga haka take idan an sa sabon mai, za ta zauna. Na yarda. Da yamma na je Tumfure, ina gangarowa cikin gari ga Keke Napep a gabana cike da 'yan Islamiyya ya tsaya ba sigina, na taka birki feda ta tafi kusan ƙasa, sai da na buga ta sau biyu da sauri sannan ta kama. Tsakanina da keken nan bai kai taku ɗaya ba, har yanzu idan na tuna fuskar yarinyar da ta waiwayo sai gabana ya faɗi. Na gangara gefe na fi minti goma ban iya tuƙi ba.

Da sassafe na koma a hankali da giya ta biyu, raina a ɓace, na ce Baba wannan ba daidai ba ne, birki rai ne, ba abin da za a bar wa yara ba ne ka tafi. Bai yi musu ba, ya ce Alhaji ka yi haƙuri laifina ne. Ya shiga ƙarƙashi da kansa ya nuna min wani bawul da ke maƙale a jikin shasi da doguwar sanda zuwa aksil, wanda ke rage ko ƙara ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya, ya ce shi ma yana da nasa nonon kuma shi ake yi a ƙarshe, yaran tayoyi kawai suka yi suka tsallake shi. Yana buɗewa sai ga kumfa tana fita. Ya sake bi ɗaya bayan ɗaya, ya saita ajasta yadda ake jin shu yana ɗan shafar duram kaɗan, muka fita gwaji tare har hanyar Dukku muka dawo, ya sa bayan hannunsa a kan wilin biyu ya ce in taɓa, ɗumi kawai. Ko sisi bai ƙara karɓa ba, man da aka ƙara ma nasa ne.

Yau kwana tara ke nan, na je Dadin Kowa sau uku har da kaya, motar tana gangarawa da kanta, birkin hannu yana kamawa, kuma duk na dawo daga taɓo ina tsayawa a wanke min bayan farantin nan kamar yadda ya ce. Wajen gano ciwon mota ban ga kamarsa ba a garin nan, kuma zan sake kai masa, har na tura ƙanina da tasa Land Cruiser ɗin. Sai dai na gaya masa ya je da kujerarsa ya zauna, kar ya karɓi makulli daga hannun yaran sai Baba ya taka fedar da ƙafarsa a gabansa.