Gargaɗi: RX-8 ɗin da na saya naira miliyan 4 da dubu 800, in ta yi zafi ba ta tashi

Salamu alaikum jama'a. Sati uku ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya. Jiya da dare na ga mutumin nan da ya sayar min da motar ya sake ɗora wata mota a shafinsa, da kalmomin da ya yaudare ni da su, "ba ta buƙatar komai, sai dai a hau," sai na ce wallahi shiru ya ƙare. Naira miliyan 4 da dubu 800 ya karɓa a hannuna. Miliyan 4 da dubu 800, ban da la'adar dubu 100 da na ba yaron da ya haɗa mu, wanda shi ma yanzu wayarsa kullum a kashe take. Ba zan sa suna ba tukuna, lauyan da ke riƙe da maganar ya hana ni, amma duk hirarmu ta WhatsApp tana nan, da alat ɗin banki, da bidiyon da ya turo min. Zan ɗora su.

Kafin wani ya zo yana ce min "wa ya aike ka," ku sani ba yau na fara sayen mota ba. Wannan ce ta shida, kuma ban taɓa faɗuwa a ciniki ba. Na san abin da na je saya. Mazda RX-8 ce ƙirar 2005, mai giya shida ta hannu, ja, wadda ƙofofinta na baya suke buɗewa ta baya. Tun ina makaranta nake son motar nan. Na san injinta ba shi da fistin, ba shi da ringi irin wanda muka sani, wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku-uku da ake kira rota suke juyawa a cikin gidansu, shi ya sa ake ce masa injin rotari, ƙirar wani Bajamushe Felix Wankel. Lita 1.3 ne kacal amma allurarta tana kaiwa 9,000 kafin ta taɓa ja. Na san an fara yin ta a 2003 an daina a 2012. Har na san cewa a Amurka sai da kamfanin ya tsawaita garantin injin zuwa shekara 8 ko mil 100,000 a kan ƙirar 2004 zuwa 2008. Na kwana a YouTube fiye da wata guda. Ba jahilci ne ya kai ni ba. Abu ɗaya na je Abuja in gwada, abu ɗaya tak, in kashe ta da zafinta in sake tayarwa, kuma shi ne abin da ban yi ba.

Hannuna yana kan makulli. Wallahi hannuna yana kan makulli. Mun dawo daga zagayen gwaji, mun yi kusan minti 20, allurar zafi ta zauna a tsakiya, na yi fakin a ƙofar gidan, na kai hannu zan murɗa. Sai ya ɗora hannunsa a kan nawa, a hankali, yana murmushi, ya ce, "A'a ranka ya daɗe, bar ta ta yi ta aiki. Ai ka fi ni sani, irin wannan ba ta son kashe-kunna, sai ta shaƙe da mai." Ka fi ni sani. Da wannan kalma ya gama da ni. Na janye hannuna kamar wani yaro, har da gyaɗa kai, har ina jin daɗi wai na haɗu da wanda ya san mota. Injin yana aiki muka yi ciniki, yana aiki na taya miliyan 4 da rabi ya ce albarka, yana aiki ya sallama a miliyan 4 da dubu 800, yana aiki na yi taransifa. Ina jin ƙugin salansa a bayana lokacin da alat ya shigo wayarsa.

Ba mu yi nisa ba. Mun wuce Zuba kaɗan na shiga gidan mai, don ya bar min tanki kusan a bushe. Na kashe, aka cika, na murɗa makulli. Kik yana juyawa, gir gir gir, mota ko tari ba ta yi ba. Na taka totur har ƙasa na sake murɗawa, don haka ake yi in ta shaƙe, totur a ƙasa yana yanke mai. Shiru. Layi ya taru a bayana, masu hon suna yi, wani direban bas ya leƙo ya ce, "Alhaji, jirgin ya ƙi tashi ne?" Ƙanena da na tafi da shi ya sunkuyar da kai. Yaran gidan man ne suka tura ni, jar mota mai sheƙi, ni da sabuwar shadda, aka tura na saki kuloci a giya ta biyu ta tashi. Daga nan har Kano ban ƙara kashe ta ba. A Zariya ma da muka tsaya salla, ɗaya bayan ɗaya muka yi, ɗaya yana zaune a ciki yana gadin inji.

Na tsallake wani abu. Tun kafin in je, mai motar ya dage sai dai in zo ƙarfe 7 na safe, wai yana da tafiya. Sau biyu na ce masa la'asar ta fi min, ya ce wani Alhaji daga Kaduna zai zo da kuɗi a hannu da rana. Da na isa, shi ya ce in taɓa banet in ji da sanyinsa, "don kar ka ce na ɗumama ta kafin ka zo." Na taɓa, sanyi ƙalau. Na murɗa sau ɗaya ta tashi. Na ce a raina mutumin nan mai gaskiya ne, domin a sauran motoci abin da ake ɓoyewa ke nan, tashin safe. Ashe a wannan motar akasin haka ne. Injin rotari in ya gaji, da sanyi zai tashi lafiya lau, sai ƙarfe ya yi zafi ne ɗan matsin da ya rage masa yake zubewa, ya ƙi tashi sai ya huce. Kuma na san wannan! Na karanta shi ya fi sau goma.

Abin da ya fi ci min rai shi ne maganar da ya yi ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Gaskiya ne RX-8 tana shaƙewa da mai, amma in ka tayar da ita da sanyi ka kashe nan take, kamar ka matsar da ita daga bakin get ka kashe. Motar da ta yi minti 20 a kan titi ba ta cikin wannan. Ya ɗauki gaskiyar sanyi ya rufe min ƙaryar zafi da ita. Ya san na yi karatu a kan motar, don ni da bakina na yi ta zuba masa a WhatsApp, sai ya ɗauki karatun nawa ya ɗaure ni da shi. Da na je da jahilci ma da na kashe ta kawai, ko don in amsa waya.

Ya nuna min sabon kik da sabon batir, har da rasit. Na ɗauka alamar kula ce. Daga baya aka fahimtar da ni cewa kik mai ƙarfi yana juya injin da sauri, sai ya rufa wa gajiyayyen inji asiri na ɗan lokaci. Miliyan 4 da dubu 800 na biya a kan kik da batir da fenti.

Da na kai ta garejin da na saba, bakanikena, mutumin da ya shekara 10 yana gyara min mota, ya buɗe banet ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Maigida, ina injin yake?" Ba laifinsa ba ne, ɗan ƙarami ne kuma can ciki yake a ƙasa. Ya ce mu sauke a canza ringi. Na ce babu ringi. Ya ce to a wasa bawul. Na ce babu bawul. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce gaskiya shi bai taɓa buɗe irinsa ba, kuma na gode masa da bai yi min karambani ba. Na ƙi yarda inji ne, na yi ta gaya wa kaina koyil ne, masu ba fulogi wuta, don koyil ɗin motar nan sun yi suna wajen mutuwa da wuri. Guda huɗu ne, fulogi huɗu, biyu a kowane rota, kuma ba irin fulogin da za ka tsinta a kowane shago ba ne. Na zaga Ƙofar Ruwa ban samu ba, aka tambaya min a Fanteka babu, sai daga Legas aka turo. Koyil da fulogi da wayoyinsu, dubu 310. Aka ɗaura. Ta ƙara santsi a kan hanya, ba zan yi ƙarya ba. Na kashe ta a ƙofar gida da zafinta na murɗa. Gir gir gir.

Gwajin matsin inji, wannan kafin in kira mai motar ne ko bayan na kira shi, na ma rikice. Ina jin bayan kiran farko ne. Wani bawan Allah da ya taɓa riƙe irinta ya zo da geji. Injin nan yana da na'urar gwajinsa ta musamman wadda take ba da lamba uku a kowane rota, ɗaya ga kowace fuska, amma ba mu da ita, sai ya cire ɗan bawul ɗin da ke bakin geji na gama-gari don allura ta riƙa tsalle tana dawowa, muka ɗauki bidiyo muka kalla a hankali. Rota na gaba, tsalle uku daidai amma duk a ƙasa. Rota na baya, ɗaya sama, biyu kusan a kwance. Ya ce, "Yallaɓai, sil ɗin kusurwa ɗaya ya tafi. In ɗaya ya lalace fuska biyu yake kayarwa, don shi ne katangar da ke tsakaninsu." Bidiyon yana nan, shi ma zan sa.

Sai abubuwa suka yi ta fitowa. Fitilar gargaɗin inji ba ta taɓa kamawa ba ko da an murɗa makulli, ashe baƙin salatif aka liƙa mata ta ciki. An fasa salansa an kwashe indomin da ke ciki, wato abin da yake tace hayaƙi. Mita tana nuna mil 78,000, da na biya aka duba lambar casis sai ga rahoton gwanjonta a Amurka da mil 141,000, tun kafin ta hau jirgin ruwa. Kuma akwai saƙon murya da ya turo min yana rantsuwa cewa "ko ɗigon baƙin mai ba ta sha." Jama'a, injin rotari da gangan yake fesa baƙin mai cikin ɗakin ƙonewa don sil ɗin nan su samu maiƙo. Lafiyayye dole ya sha, shi ya sa ake cewa ka riƙa duba ma'auni a kai a kai. Wanda ya ce maka tasa ba ta sha, ko ƙarya yake yi ko bututun da ke kai man ya toshe. Na ji saƙon nan da kunnena, na san haka, na ce a raina yabon ɗan kasuwa ne kawai. Ban ce ba ni da laifi ba. Amma sakaci daban, ha'inci daban. Ni ban liƙa salatif a kan fitila ba.

Kiran farko ya ɗauka, "Ranka ya daɗe, an sauka lafiya?" Da na gaya masa sai ya ce ai ni na kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, ya gargaɗe ni. Kira na biyu ya ce mota ƙarfe ce, yau lafiya gobe babu, kuma kaya ya bar hannunsa. Na ce ya karɓi motarsa ya cire dubu 500 ya ba ni sauran. Ya ce zai yi shawara. Na uku ya toshe ni. Gidan da muka yi ciniki a ƙofarsa, da aka je, mai gadi ya ce bai san shi ba, fakin kawai yake roƙo a wurin. Sunan da ke asusun da na tura kuɗi daban, sunan da ke takardun mota daban, sunan da yake amfani da shi a Facebook daban. Na ga bambancin sunan asusun a lokacin, na tambaya, ya ce na ƙaninsa ne, nasa ya cika iyaka. Inji yana ƙugi a bayana na danna tura.

Yanzu an ce ko a nemo inji na Beljiyam, wanda shi ma cinikin biri a sama ne tunda ba ka san matsinsa ba sai an ɗaura, ko a yi odar kayan ciki daga waje da dala a nemi wanda zai iya haɗawa, kuma in sil ɗin da ya karye ya karce gidan rota shi ma sai an sake shi. Wani ya ce a cire a dasa injin Toyota. To in injin Toyota nake so me ya kai ni Abuja ƙarfe 7 na safe? Ga mai. Tankin lita 60 ne, a cikin gari da ƙyar nake samun kilomita 6 a lita, a wannan zamani da aka cire tallafi. Wannan kam na san da shi tun farko, na yarda zan ɗauka. Ban yarda zan ɗauki gawa ba.

Yayana da ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Kuɗin filin ke nan?" Ban amsa ba. Eh, kuɗin filin ne. Miliyan 4 da dubu 800, da dubu 100, da dubu 310. Maiɗakina ba ta ce komai ba har yau, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

In za ka sayi irinta, ka tuƙa ta ta yi zafi, ka kashe, ka jira minti biyar, ka tayar. Ya hana ka kashewa, ka ajiye masa makullinsa. Ba gwajin matsi, ba kuɗi. Suna bai zo ɗaya ba, kar ka tura.

Kuma wanda duk ya ga tallar wata mota baƙa a Abuja a kwanakin nan, mai ita yana cewa sai dai a zo da sassafe saboda yana da tafiya, ya yi min magana ta akwatin saƙo in nuna masa hoton. Sikirinshot ɗin suna tsohuwar wayata, tana wurin mai gyara, gobe in sha Allahu zan karɓo in ɗora su duka har da saƙon muryar. Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba. Hannuna fa yana kan makullin.